Filin Tambaya da Amsa: Kalmar Goge da Ƴan Uwanta Masu Tsirkiya

Wasiƙu huɗu ne suka haɗu a kan tebur ɗinmu a wannan karo, dukkansu daga cikin jihar Damagaram, kuma dukkansu suna zagaye abu guda, wato goge. Mun ga ya fi kyau mu amsa su a jere, domin amsar kowace tana jingine da ta ƴar uwarta.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a nan Zinder, a unguwar Birni nake zaune. Gardama ta kaure tsakanina da abokaina a kan kalmar goge. Wasu sun ce daga "gogawa" ta fito, wasu sun ce baƙuwar kalma ce da muka aro, kamanninta da "goga" kuwa dace ne kawai. Kuma me ya sa ake rubuta ta daidai da "goge" na goge allo? A warware mana.

AMSA: Ɗana, gardamarku mai amfani ce, kuma kafin a taɓa kalmar ya kamata a ɗauki abin da kansa a duba, domin a jikinsa rabin amsar take. Goge rabin ƙwarya ne da ake rufe bakinsa da fata, galibi fatar guza, a kafe ta da ƙusoshi ko ƙananan tsinke, a huda ƙofa a gefe guda na fatar domin sauti ya sami mafita. Ana soka sanda ta ratsa ƙwaryar, sannan a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak daga kan sandar zuwa gindinta. Wannan tsirkiya ba zare ba ce, ba kuma waya ba ce, gashin wutsiyar doki ne da yawa da aka haɗa suka zama igiya ɗaya. Tsakanin tsirkiyar da fatar akwai ɗan guntun icen da ke ɗage ta, makaɗa suna kiransa jaki, kuma sunan ya dace da shi, tun da shi ne ke ɗauke da nauyin tsirkiya yana miƙa motsinta ga fata. Sai kuma ɗan bakan da ake riƙewa a ɗaya hannun, shi ma an ɗaura masa izgar doki.

To, ta yaya sauti ke fita? Ba a bugun goge kamar ganga, ba a busa shi kamar algaita, ba a kuma fizgar tsirkiyarsa da yatsa kamar molo. Makaɗi yakan shafa ƙaro a jikin izgar bakan domin ta yi kaushi, sannan ya goga ta a kan tsirkiya, gaba da baya. Ƙaron ne ke sa gashi ya kama gashi ya saki, ya kama ya saki, cikin saurin da ido ba ya iya bi, daga nan ne wannan murya mai kama da kukan mutum take tasowa. Idan babu gogawa, babu goge. Saboda haka kunnen Bahaushe bai yi kuskure ba da yake jin "goga" a cikin sunan.

Ga kuma hujja daga cikin harshen kansa. Hausa tana da wani ƙira da take fitar da suna daga aikatau ta hanyar ƙarasa shi da wasalin "e" mai tsawo, gaɓar farko ta sauka ƙasa, ta biyu ta hau sama. Daga "dasa" muka sami dashe, daga "kama" muka sami kame, daga "ƙaga" muka sami ƙage, daga "zana" muka sami zane, wato zanen hoto. Faɗi waɗannan huɗu da ƙarfi, sannan ka faɗi goge na kiɗa, za ka ji muryarka ta bi hanya ɗaya ba tare da tuntuɓe ba. Kalmar ta zauna daram a cikin wannan ƙira, kamar yadda ƙafa ke zama a takalmin da aka ɗinka dominta.

Abokanka masu cewa akwai baƙunta a cikin al'amarin su ma suna da abin kamawa, sai dai sun haɗa abu biyu ne wuri ɗaya. Masu bincike da dama suna ganin dabarar goga baka a kan tsirkiya ta iso ƙasashenmu ne daga arewa, ta hanyoyin fatauci na Sahara, kuma mu mutanen Damagaram mun fi kowa sanin abin da waɗannan hanyoyi suka riƙa kawowa, tun da ayarin Tarabulus da na Agadas a unguwar Zango ta Zinder suke sauka kafin su wuce Kano. Amma zuwan abu daga waje ba ya hana mutanen gida su raɗa masa suna da bakinsu. Abin lura kuma shi ne inda sunan ya bi bayan haka: Zabarmawa suna cewa goje, Yarabawa ma goje, Dagombawan arewacin Gana kuma gonje. Duk inda fataken Hausa suka yawaita, za ka iske wannan suna ko ɗan uwansa na kusa. Waɗanda ke da nasu sunan dabam, kamar Abzinawa masu cewa anzad ko imzad, da Wolof na Senegal masu cewa riti, su ma kayan nasu ƙwarya ce ko ice da fata da gashin doki.

Dangane da rubutu, laifin na boko ne, domin ba ma sa alamar karin sauti a rubutun yau da kullum. A baki kalmomin biyu ba sa haɗuwa ko kaɗan. Idan ka ce "ya goge allo", gaɓar farko ce a sama, ta biyu a ƙasa. Idan ka ce "ya ɗauki goge", ta farko ce a ƙasa, ta biyu a sama. Jimla ce ke raba su a takarda, kamar yadda take raba gora na zuba ruwa da gora ta sanda. Dangin kalmar kuma suna da yawa, kuma duk tushensu ɗaya: magogi, da gogayya, da gogewa, da gogagge, wato mutumin da zaman duniya ya goga har ya yi santsi a sana'arsa.

Abu na ƙarshe da zan ƙara maka shi ne, ko da yake gogawa ake yi, Bahaushe bai fitar da goge daga gidan kiɗa ba. Kiɗan goge muke cewa, mai yin sa kuma makaɗi ne, ko mai goge, ko ɗan goge. Harshenmu ya raba kayan sauti gida biyu ne, na kiɗa da na busa, duk abin da ba a sa masa baki da numfashi ba kiɗa ne. Kalmar kuma takan faɗaɗa ta rufe taron gaba ɗaya, shi ya sa idan aka ce "ana goge a gidan wane", ba kayan ake nufi ba, ana nufin wasan da makaɗa da ƴan ƙwarya da masu rawa da ƴan kallo.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce a Mirriya. Yara sukan kira duk abin da ke da tsirkiya molo, wasu ma gita suke cewa. Ni kaina nakan rikice tsakanin goge da kukuma da gurmi da garaya. Ina bambancin yake?

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri da kika damu da wannan, domin haka sunaye suke ɓacewa, ɗaya ya haɗiye sauran ba tare da kowa ya lura ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ki sa yara su fara tambayar kansu abu ɗaya: gogawa ake yi ko fizga?

Waɗanda ake gogawa biyu ne, goge da kukuma. Kukuma ƙanwar goge ce, ƙwaryarta ƙarama, muryarta siririya kuma ta fi tashi sama. Sunan nata ana jin sa har Barno a bakin Barebari, kuma wannan ba abin mamaki ba ne a wurinmu, tun da Damagaram ta daɗe tana fuskantar Barno a sarauta da al'ada. A ƙarni na 20 kukuma ta yi tashe ƙwarai a biranen Hausa a matsayin kiɗan nishaɗi da waƙar mutane, inda makaɗa irin su Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka suka yi suna da ita.

Sauran duk fizgar su ake yi, da yatsa ko da ɗan abin fizga. Garaya tana da tsirkiya biyu, kuma asalinta kiɗan maharba ce da mafarauta, da ita ake zuga su ana kiran kirarinsu, daga baya masu bori su ma suka riƙe ta, akan kuma raka ta da caki. Molo jikinsa na ice ne da aka fafe, dogo kamar ƙaramin kwale-kwale, yawanci da tsirkiya uku, muryarsa a kwance take, ta dace da hira da labari cikin dare. Gurmi, wanda mu nan muka fi cewa gurumi, rabin ƙwarya ne kamar goge, da doguwar sanda da tsirkiya biyu ko uku, shi ya sa yaro zai iya ganin sa a rataye ya zaci goge ne, sai dai ba shi da baka. Kuntigi shi ne autansu, tsirkiya ɗaya, jikinsa kuma sau da yawa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata. Da wannan ɗan ƙaramin abu Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya duniya.

Idan kina son misalin gurumi da zai shiga zuciyar yaran jiharmu, ki ba su labarin Malam Mamman Barka, haifaffen Tesker, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin kiɗa ya ɗauke shi. Da gurumi Nijar ta san shi. Daga baya ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna wurin wani tsohon makaɗi na ƙabilar Buduma domin ya koyi biram, wani kayan kiɗa mai tsirkiya biyar mai siffar jirgin ruwa, wanda a lokacin ya kusa rasa mai kaɗa shi. Malam Mamman Barka ya rasu a 2018. Ina kawo shi ne domin yara su ga cewa mutumin da ya yi boko ya ɗauki waɗannan sunaye da muhimmanci har ya bar gida ya bi sawun ɗaya daga cikinsu. Idan kuma wata rana hanya ta kai ku Yamai, cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya tana da ɗakin ajiye kayan kiɗan gargajiya na ƙasar nan, inda ake ganin su da ido.

Shawarata ita ce kada ki bar kalmar gita ta wuce a aji idan ana nufin ɗaya daga cikin waɗannan. Gita tana da sunanta da matsayinta, kuma matasan Agadas sun nuna abin da za a iya yi da ita, amma kiran gurumi da sunan gita daidai yake da kiran rijiya da sunan famfo saboda duka ruwa suke bayarwa.

TAMBAYA: Baba, ina rubuto maka ne da nauyin zuciya. Kakana na wajen uwa mai goge ne, ya rasu tun ina ƙarami. Idan faɗa ya haɗa ni da wasu a unguwa sai su ce mini "jikan ɗan goge", ni kuma sai in rasa bakin magana. A gida ma ba a son tayar da zancensa. Shin kalmar zagi ce? Me ya sa goge kaɗai ake yi wa haka, alhali ba a yi wa kakaki ko algaita?

AMSA: Ɗana, na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya, kuma ita ce ta sa na ba wannan batu fili mai yawa haka. Amsa a taƙaice ita ce a'a. "Ɗan goge" suna ne na sana'a, an gina shi kamar yadda aka gina ɗan kasuwa da ɗan kokawa da ɗan tauri. Babu zagi a cikin ƙirar kalmar. Abin da ke sa ta yi zafi a bakin wasu tarihi ne, kuma ya kamata ka san tarihin nan dalla-dalla, domin wanda ya san inda magana ta samo dafinta ya fi iya tsayawa a gabanta.

Dalili na farko shi ne bori. A ƙasar Hausa, goge da garaya su ne manyan kayan kiɗan masu bori. Kowane iska yana da takensa, Sarkin Rafi da nasa, Ɗan Galadima da nasa, Inna da nata, kuma mai goge ne ke kaɗa waɗannan take a wurin wasa. Goge ya dace da wannan aiki saboda wata baiwa da yake da ita: makaɗi ba ya danne tsirkiya a jikin sanda, taɓa ta kawai yake yi da yatsu, don haka sautin yakan zame daga sama zuwa ƙasa ba tare da yankewa ba, kamar yadda muryar mutum ke yi. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti, saboda haka gwanin goge yana iya sa shi ya faɗi kirari har mai sauraro ya gane kalmomin. Wannan ne ake nufi idan aka ce gogen wane yana magana. Da malamai suka tsaya a kan yaƙar bori, sai kayan da ya fi kusa da shi ya sha zafin wutar tare da shi.

Dalili na biyu ya zo ne a zamanin Turawa da bayansa, lokacin da garuruwa suka cika da baƙi, sojoji da direbobi da ƴan ci-rani, wasan goge kuma ya koma gidajen shaƙatawa na dare inda ake shaye-shaye da caca. Daga waɗannan wurare biyu ne aka sami kirarin nan da ake yi masa, "goge kan bidi'a". Kakaki da algaita da tambari kuwa a ƙofar fada suka tashi, sarki suke yi wa aiki, duk wanda ya tsaya a gaban fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla ya ji su, don haka rigar sarauta ta rufe su. Bambancin yana ga wurin da kowanne ya zauna da mutanen da ya yi wa hidima.

Yanzu ka ɗaga ido ka dubi maƙwabta, domin a nan ne za ka ga cewa ƙwarya da fata da gashin doki ba su ɗauke da wani abin kunya a jikinsu. A ƙasar Dagomba, wannan kaya da ake kira gonje kiɗan fada ne, masu kaɗa shi gida ne na gado, su ne ke tsare da tarihin sarakuna suna rera shi a gaban Ya Na, sarkin Dagomba, a Yendi. A wurin Abzinawa, waɗanda muke cuɗanya da su kullum a kasuwar Dole da hanyar Tanut, anzad kayan mata ne masu daraja, idan mace ta ɗauke shi maza kan natsu su saurara, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan ƙasashe uku, Aljeriya da Mali da Nijar. Ƙasarmu da kanta ta sa hannu aka girmama ɗan uwan gogen kakanka na jini.

Ko a cikin Hausawa, ba kowane mai goge ne ya yi bori ko ya zauna a gidan dare ba. Da yawa sun yi kiɗan biki da suna, sun yi wa manoma da ƴan kasuwa waƙa, sun ci da iyalinsu da wannan hannu. Sana'ar kuma ba ta raggo ba ce. Mai goge yakan san wace ƙwarya ce za ta ba da murya, ya san yadda ake jeme fatar guza, ya san cewa da damina fata takan saki sai an kanga ta a wuta ko a rana kafin ta amsa, sannan ya riƙe take da kirari masu yawa a ka ba tare da takarda ba. A kan tsirkiya ɗaya, babu wata alama a jikin sanda da za ta nuna masa inda zai sa yatsa, kunnensa ne kaɗai jagora.

Hukuncin kiɗa a addini magana ce ta malamai, kuma wannan fili na harshe ne, don haka ga su nan kusa da kai ka tambaye su. Amma gori da asali ba ya cikin abin da wani malami ya halatta, kuma wanda ya jefe ka da sana'ar mamaci shi ne ya kamata ya ji nauyi. Abin da nake roƙonka shi ne ka sami mahaifiyarka ko wata gwaggo a lokacin da hankalinsu yake kwance, ka tambaye su cikin ladabi: a wane gari ya koya, wa ya koya masa, su wa ke yi masa ƙwarya, waɗanne bukukuwa aka fi kiransa, kuma ina gogen nasa ya shiga bayan rasuwarsa. Ka rubuta abin da suka faɗa maka da sunayen wurare. Sau da yawa shirun da ake yi a gida ba ƙi ba ne, tsoron bakin mutane ne, kuma idan aka ga jika ya tambaya da girmamawa, bakin tsofaffi yakan buɗe. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

TAMBAYA: Ina fassara wani ɗan littafin yara daga Faransanci, na ci karo da kalmar violon. Zan iya cewa goge, ko zan ɓata ma'ana? Daga wani mai karatu a Magariya.

AMSA: Malam, ka ce goge, ba ka ɓata komai ba. Shi ma wancan da baka ake goga shi, bakan nasa ma gashin wutsiyar doki ne, kuma ana shafa masa ƙaro kamar namu. Bambancin shi ne jikinsa na katako ne ba ƙwarya da fata ba, tsirkiyarsa huɗu ce, ana danne su a jikin wuyansa, kuma a ƙarƙashin haɓa ake tokare shi. A farkon ambato ka rubuta "gogen Turawa mai tsirkiya huɗu" domin yaro ya san ba irin na gida ba ne, daga nan har ƙarshen littafin goge kawai ya isa. Idan akwai hoto a shafin, ka roƙi mai zane ya sa namu a gefensa, da sunan kowane sashe a rubuce: ƙwarya, fata, sanda, tsirkiya, jaki, baka.